Yadda Ake Duba Zoben Fistan da Sanya Shi a Injin Ban Ruwa

Gabatarwa

Ya kai manomin rani na bakin Kogin Yedzaram a Mubi, ka san cewa idan injin ban ruwa ya tsaya kwana uku a watan Fabrairu, albasa da tumatir za su fara yaushi. Sau da yawa abin da ke jawo haka shi ne lalacewar zoben fistan, wanda makanikai ke kira ringi. Ƙurar hunturu da ke kutsawa ta matatar iska ita ke cinye shi.

Ƙaramin inji irin Honda GX160 yana da zobe uku a jikin fistan. Biyu na sama suna tsare ƙarfin wuta kada ya sulale, na ƙasa kuma yana share baƙin mai daga bangon silinda.

Alamomin Lalacewa

1. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa.
2. Yawan shan baƙin mai.
3. Wahalar tashi, igiya kuma ta yi saukin ja.
4. Filogi ya jiƙe da mai.

Yadda Ake Dubawa

Bayan ka cire fistan, ka kankare baƙin da ya daskare a ramukan zobe da guntun tsohon zobe, ka wanke da kananzir. Ka shafa bangon silinda da yatsa. Idan farcenka ya kama zane mai zurfi, sabon zobe kaɗai ba zai magance matsalar ba, sai an gyara silindar.

Kada ka sanya zobe, ko da sabo ne, sai ka auna shi. Ka sa shi cikin silinda, ka tura shi da kan fistan har ya daidaita, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin bakinsa biyu da siraran ƙarafan awo. A wannan inji, tazarar zoben sama ita ce milimita 0.2 zuwa 0.4. Idan ta kai milimita 1.0, zoben ya ƙare. Idan kuwa ta yi ƙanƙanta, zafi zai buɗa shi ya kama silinda.

Yadda Ake Sanyawa

1. Ka fara da zoben mai, sannan na biyu, sannan na sama.
2. Gefen da ke da rubutu ya dubi sama.
3. Kada ka buɗa zobe fiye da kima, domin yana karyewa.
4. Ka rarraba bakunan zoben a kusurwa uku na fistan, kada su yi layi ɗaya.
5. Ka shafa sabon baƙin mai, ka matse zoben, ka tura fistan a hankali da ƙotar guduma.

Bayan Gyara

Ka canza baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100. Ka riƙa tsabtace matatar iska a kai a kai lokacin hunturu. Malamin gona ya tunatar da manoma su yi wannan gyara tun watan Oktoba, kafin a yi dashe.