Kafin ka jona caja: inda ya dace a sa soket, da na'urar da ke hana wuta jan mutum

A Danja, kamar sauran garuruwan da KEDCO ke bai wa wuta, da zarar an kawo wuta sai kowa ya ruga da waya da fawa-bank. Sau da yawa soket ɗaya ne a ɗaki, sai a ja estenshan a ƙasa, kuma da damina daɓen na jiƙe. Wutar gidajenmu volt 230 ce, tana iya kisa.

Me ya sa fis da bireka ba su isa ba?

Filoginmu mai ƙafa uku irin na Ingila ne, fis ɗinsa kan kai amfiya 13, wato miliamfiya 13,000. Amma miliamfiya 50 kacal da ta ratsa ƙirji na iya rikita bugun zuciya. Ke nan fis da bireka wayarin suke karewa daga ƙonewa. Mutum na iya mutuwa ba su ko motsa ba.

Aikin RCD

RCD, wadda masu wayarin ke kira ELCB, tana auna wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutural. Idan an sami giɓi, wata ta zirare ke nan ta jikin mutum ko ta ruwa, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Nemi mai lamba 30mA. A Amurka takwararta ita ce GFCI, tana yankewa a kusan miliamfiya 5, kuma tun 1975 ƙa'idarsu ta wajabta ta a banɗaki.

Inda za a sa soket

1. Ɗaga shi daga ƙasa. A Ingila sababbin gidaje na sa shi tsakanin santimita 45 zuwa 120.
2. Kada a sa shi a makewayi, ko kusa da randa da famfo.
3. Na tsakar gida ko rumfar caji ya zama mai murfin hana ruwa.
4. A yawaita soket a bango, domin a rage dogaro da estenshan.
5. Ramin sama na soket na wayar ƙasa ne. Tabbatar an haɗa shi da ƙarfen da aka binne a ƙasa.

Abin da za ka yi yau

Duba akwatin birekan gidanku. In akwai RCD, za ka ga maɓalli mai harafin T. Danna shi: dole wuta ta ɗauke nan take. Maimaita haka duk wata shida. In kuna amfani da janareta ko inbata, a gwada ta a kansu ma, domin ba kowane haɗi ne ke ba ta damar aiki ba.

In babu ita, kada ka buɗe akwatin da kanka. Kira mai wayarin da ke da shaidar NEMSA, hukumar da aka kafa da dokar 2015 domin duba ingancin wayarin a Najeriya.