Darasin Kiwon Lafiya: Ɗamarar Cikin Jiki

1. Mu karanta

A ƙasar Dogarawa kowa ya san ɗaukar nauyi. In an cire albasa a garakan Galmi, maza su kan loda manyan buhuna cikin mota, buhu ɗaya ya kan wuce kilo 100. A Malbaza ana dakon siminti, kowane buhu kilo 50. Mata suna jan ruwa, suna daka, suna goyo. Duk wannan aiki, ƙugu ne ke shan wahalarsa.

Wani maƙwabcina, manomin albasa, ya yi wata 4 yana fama da ciwon baya. Ba ya iya duƙawa ya yi ban ruwa, har garkarsa ta soma bushewa. Wata safiya ya tsaya bakin filin makaranta, ya ga yara suna gudu, suna tsalle. Ya ce a ransa: "Ga abin da zai warware mini jiki." Ya koma gida ya gwada. Kashegari ko tashi bai iya ba.

Ɗansa ya kai shi asibitin Galmi, wanda aka buɗe tun 1950. Likita ya duba shi, sa'an nan ya tura shi wajen mai gyaran jiki da motsi. A Nijar mu kan ce masa kine. A Najeriya ana ce masa likitan gashi.

— Baba, nuna mini inda ke ciwo.
— Nan ne, ɗana, bisa ƙugu.
— Ciwon yana sauka har ƙafa? Kana zazzaɓi?
— A'a. Duƙawa kaɗai ke gagara ta.
— To, baba, motsi ne maganinka, amma ba tsalle ba tukuna.

2. Yadda tsakiyar jiki ta ke

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa 33 ne a jere, 5 daga cikinsu suna a ƙugu. Su ne manya, don su ke tallabe nauyin sama. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai ɗan matashi mai taushi da ke hana su gogar juna.

Ku dubi rumbu: yana da gindi, yana da bango kewaye, yana da murfi. Tsakiyar jikinmu ma haka ta ke. Murfin shi ne faffaɗar tsokar da ke ƙarƙashin huhu, wadda mu ke numfashi da ita. Gindin shi ne tsokar ƙasan mara. Bangon kuwa tsokar ciki ce da ta baya. Akwai wata tsoka can ciki da ta kewaye mu daga baya zuwa cibiya, kamar ɗamarar ɗan kokowa. In za mu ɗaga kaya, wannan ɗamara ta kan ɗaure, ta riƙe ƙashin baya.

3. Motsi iri biyu

Motsin filin makaranta na kowa da kowa ne. Malam ɗaya ne, yara da yawa, duk abu ɗaya su ke yi. Yana ƙarfafa zuciya da huhu da ƙafafu, ba a biyan ko dala, kuma akwai daɗin wasa. Amma an shirya shi domin masu lafiya.

Motsin kine na mutum ɗaya ne. Sai ya yi tambaya, ya duba, kana ya zaɓi abin da ya dace da mai ciwo. Ya kan fara da kaɗan, ya ƙara sannu-sannu, yana gyara kuskure. Ga uku daga abin da aka koya wa maƙwabcina:

a) Ya kwanta rigingine bisa tabarma, gwiwoyi a tanƙwashe. Ya ja cibiya ciki a hankali, yana numfashi, ya ƙirga 10.
b) Yana nan kwance, ya ɗaga ƙugu sama kamar gada, ya ƙirga 5, ya sauke.
c) Ya yi rarrafe, ya miƙe hannun dama da ƙafar hagu, sa'an nan ya sake ɗaya gefen.

Ya yi ta yi safe da maraice. Bayan mako 6 ya koma garka. Kine ya ce masa: "Yanzu, baba, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum. Kada ka bar motsi."

4. Wanne ya fi?

Ciwon baya ba namu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi. A 2016 masu bincike na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 29 da aka yi kan masu daɗaɗɗen ciwon baya. Sun ga motsin ɗamarar ciki ya fi zama haka nan amfani, amma bai fi sauran motsa jiki ba. Ashe babban amfanin kine shi ne dubawa da zaɓi da gyara. Wanda ya daure yana motsi kullum, shi ke samun sauƙi. Doguwar kwanciya kuwa ƙara raunana tsoka ta ke yi.

Sai dai akwai ciwon bayan da ba a jira da shi. A kai mutum asibiti nan da nan:
— in ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga itace, ko jaki, ko mota;
— in ƙafa ta mutu ko ta yi sanyi;
— in fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ko fitsari ya ƙi fita;
— in akwai zazzaɓi da rama, don tarin fuka ya kan kama ƙashin baya.

5. Mu riƙe

Mai lafiya ya shiga fili ya yi wasa. OMS ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. Mai ciwo kuwa a duba shi tukuna. In za ka ɗauki kaya, tanƙwashe gwiwa, jawo kayan kusa da jiki, kada ka murɗa ƙugu. In ya fi ƙarfinka, kira wani.

6. Tambayoyi

1. Me ya sa tsalle bai yi wa manomin amfani ba?
2. Ƙasusuwa nawa ne a ƙugu?
3. Faɗi bambanci 2 tsakanin motsin fili da motsin kine.
4. Yaushe ne za a kai mai ciwon baya asibiti nan da nan?

7. Aiki

Zana rumbu cikin littafinka, ka rubuta sunan tsokar da ta yi daidai da kowane sashe. A gida, ka lura da yadda ake ɗaga tulu ko buhu. Gobe ka gwada mana a gaban aji, ka bayyana da Hausa, sa'an nan da Faransanci.