Ba kowace maƙala ake saukewa ba

'Ya'yana, ku da Allah ya buɗe wa ƙofar digiri na biyu da na digirgir, ina so mu yi magana a kan abin da na ga yana cinye muku lokaci yana kuma karya muku gwiwa, wato karatun maƙalun bincike.

Na san halin da mafi yawanku ke ciki. Ba ɗalibai zalla ba ne ku. Wani malamin makaranta ne, wata ma'aikaciyar jinya ce, wani yana da shago da iyali a wuyansa. Ku fito daga Kakau da sassafe, ku sha cunkoson Gonin Gora, ku ratsa Kakuri, ku haye gada, kafin ku isa Jami'ar Jihar Kaduna a titin Tafawa Balewa. Wasu su zarce Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, wasu kuma sai Zariya a ƙarshen mako. A cikin wannan ƙarancin lokaci ne malamin da ke duba aikinku zai ce ku je ku yi bitar ayyukan da suka gabata. Sai ku ƙona data ku tara maƙalu a waya har ta cika, ku ɗauki ta farko daga layin farko, ku yi kwanaki a kanta, ku ga sauran na jiranku jibge, sai zuciya ta raya muku cewa wataƙila ba ku da kan wannan karatu. Kuna da shi. Hanyar ce ba a nuna muku ba.

Mu duba yadda aka raine mu da littafi. Wanda ya yi karatun zaure ya san tsarin: a fara da Ahalari, a shiga Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, ɗalibi na jan baƙi malam na fassara, ba a tsallake layi, ba a ɗaukar wani littafi sai an sauke na hannu. A boko ma abin da aka saba mana ke nan, a karanta daga bango zuwa bango a haddace a zuba a jarrabawa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ta dace da waɗancan littattafai, domin an rubuta su ne don koyarwa, malamai sun yi ɗaruruwan shekaru suna tace su. Maƙalar mujalla ba haka take ba. Wani mai bincike ne, wataƙila bai girme ku da yawa ba, ya zo gaban abokan sana'arsa yana cewa: na gwada kaza, na sami kaza. Mai yiwuwa ne ya yi daidai, mai yiwuwa ne baɗi wani ya rushe maganarsa. Saboda haka zaman da ya dace ku yi a gabanta zaman alƙali ne da aka kawo wa shaida: ya fara tambaya ko wannan shaida ta shafi shari'ar da ke gabansa, in ba ta shafa ba ya sallame shi cikin mutunci, in ta shafa ya titsiye shi da tambayoyi.

To alƙali ba ya zama sai da ƙara. Kafin ka buɗe kowace maƙala, ɗana, rubuta tambayarka a takarda, cikin jimla ɗaya, da Hausa ma in ka so. A ce kana nazarin ruwan da masu noman rani ke ban-ruwa da shi a bakin kogin Kaduna, ƙasa da inda magudanan masana'antun Kakuri ke zuba. Tambayarka ba “gurɓatar ruwa” ba ce, wannan fage ne da za ka tsufa ba ka ƙure shi ba. Tambayarka ita ce ko dalma da makamantanta suna shiga cikin alayyafo da latas ɗin da ake kaiwa kasuwa, kuma a wane lokaci na shekara abin ya fi yawa. Da wannan jimla a hannunka, rabin abin da ka tara a waya zai faɗi da kansa.

A shekarar 2007 wani malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, S. Keshav, ya rubuta 'yar gajeriyar maƙala a kan yadda ake karanta maƙala, kuma har yau ana miƙa ta ga sababbin ɗalibai a jami'o'i da dama. Shawararsa ita ce a bi maƙala sau uku, kowane bi da manufarsa, kuma ba kowace ce ke kaiwa ga na biyu ba, balle na uku. Bin farko minti biyar zuwa goma ne: take, tsakure, gabatarwa, kanun sassa, kammalawa, sannan a ɗan leƙa manazarta a ga ko akwai sunayen da aka sani. Wannan ana iya yin sa a cikin mota kafin a kai Kakuri. In ka gama ka kasa faɗin abin da marubucin ke da'awa da kuma alaƙarsa da tambayarka, ajiye ta, kada ka ji nauyin komai. Ba ka ci amanar ilimi ba.

Bi na biyu kamar awa guda ne, kuma shi ba na cikin mota ba ne. Yana son zama, da biro, da lokacin da kai ke sake, ko bayan Asuba ko bayan yara sun kwanta. A nan ne nake so in daɗe da ku, domin a nan na fi ganin ana tuntuɓe. Yawancin ɗalibai suna son gabatarwa da kammalawa saboda zance ne mai santsi, su tsallake sashen hanyoyin gudanar da bincike da jadawalai saboda lissafi da ƙananan lambobi. Alhali gaskiyar maƙala a can take. Kammalawa ra'ayin marubuci ne a kan abin da ya samu. Jadawali shi ne abin da ya samu ɗin.

Mu koma ga mai nazarin ruwa. Ya sami maƙala da ta ce ruwan kogin bai wuce ƙa'ida ba. Kafin ya kwafa, ya buɗe sashen hanyoyi ya sa yatsa a kan layi. Yaushe aka ɗebi ruwan? In a watan Agusta ne, kogi ya cika ya batse, ruwan sama ya tsarma komai, to sakamakon bai ce komai ba game da Maris, lokacin da ruwa ya ja baya kuma mai lambu ya fi bukatarsa. A ina aka ɗiba, sama da bakin magudana ko ƙasa da shi? Sau nawa, kwalba nawa? Da wace na'ura aka auna, kuma ƙa'idar wa aka gwada da ita, ta Hukumar Lafiya ta Duniya ko ta Nijeriya, ta ruwan sha ko ta ban-ruwa? Haka mai nazarin zamantakewa zai tambaya: mutum nawa aka yi hira da su, yaya aka zaɓo su, da wane harshe aka yi musu tambaya, kuma shin namiji ne aka tura ya tambayi matan aure sirrin gidajensu? Sau da yawa za ka tarar an tambayi ɗaliban aji ɗaya a makaranta ɗaya, amma a kammalawa an ce “matasan Arewa”. Wanda ya karanta jadawali kafin ya karanta sharhin marubuci shi ke kama irin wannan. Ina ba ku shawara ku riƙa yin haka: ku dubi lambobin, ku faɗa wa kanku abin da suke nufi, sannan ku ga ko marubucin ya yarda da ku.

Kada wani ya ce wannan rashin kunya ne ga manya. A Zariya marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya koyar da ɗalibansa na tarihi cewa babu wata majiya da ta fi ƙarfin a tuhume ta. Ya ɗauki rubuce-rubucen Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Katsina a 1851 wanda masana suka daɗe suna dogaro da shi, ya auna su: wane ne Barth, da wane tunani ya zo, a wane hali ya zauna a garin, me ya gani da idonsa me kuma aka gaya masa. Bai jefar da Barth ba, ya dai nuna inda za a jingina da shi da inda ba za a jingina ba. Girmama aikin mutum ke nan a wannan fage, ka ɗauke shi da muhimmancin da har za ka bincike shi.

Bi na uku na 'yan kaɗan ne, waɗanda kundinka zai tsaya a kansu, ƙila ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Keshav ya ce sabon shiga zai iya kashe awa huɗu ko biyar a kan ɗaya, yana kwatanta a ransa yadda shi zai yi aikin da a ce shi aka ba. A nan tarbiyyar zaure za ta yi muku rana. Ku buga su a takarda, ko da kuɗin bugun zai ɗan ciza, domin waya na mutuwa in an ɗauke wuta, saƙonni kuma ba sa barin hankali ya zauna. Ku bi su layi-layi, ku cika gefen shafi da tambayoyi, ku kai wa malami wurin da ya shige muku duhu.

Akwai kuma batun inda maƙalar ta fito. Ba duk abin da aka kira mujallar ƙasa da ƙasa ba ne ke tace abin da yake bugawa. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya maƙalar bogi a kan wani sinadari da wai yana hana ƙwayoyin cutar daji girma, ya cusa mata kurakuran da duk masani zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amince za su buga. Mujallar Science ce ta fitar da labarin. Irin waɗannan mujallu kuɗin bugu suke nema, kuma sun sami kasuwa a wurinmu saboda matsin lambar ƙarin girma a jami'o'i. In ka ga an karɓi maƙala an buga cikin mako guda, ko mujalla ɗaya tana buga aikin likitanci da adabi da injiniya a fitowa guda, ka yi hattara. Amma kada wannan ya sa ku raina na gida. Rumbun African Journals Online ya tattara ɗaruruwan mujallun Afirka a intanet. Masu nazarin harshe da adabi kuwa sun san akwai ayyuka masu nauyi a mujallun Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero da Ɗunɗaye ta Sakkwato, da tsofaffin kundaye a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Zariya, waɗanda Google Scholar ba zai kawo muku su duka ba. Mai tarihi yana da Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a nan cikin Kaduna, kuɗin mota ɗaya daga Kakau. Abin takaici ne ɗalibi ya rubuta cewa ba a taɓa yin aiki a kan batunsa ba, alhali aikin na kan kanta a hayin kogi.

Duk maƙalar da ta wuce bin farko, kada ka rufe ta sai ka rubuta 'yan layuka da kalmominka: me ya tambaya, yaya ya yi, me ya samu, ina rauninsa, ina zai shiga a kundina. Ka sa cikakken suna da shekara da lambar shafi nan take. In ka ɗauko jimlar marubuci yadda take, ka sa mata alamar zance a lokacin, domin bayan wata shida ba za ka tuna wanne ne naka wanne ne nasa ba, kuma ta nan ne mutanen kirki ke faɗawa satar fasaha ba da niyya ba. Manhajar Zotero kyauta ce kuma tana adana manazarta da kyau. Wanda ya fi sakewa da littafi mai kauri da biro, shi ma ya wadatar. Abin da nake roƙonku da babbar murya shi ne kada ku ambaci aikin da ba ku gani ba kamar kun gani. In wane ne ya ce wane ya ce, ku nemi asalin, in bai samu ba ku faɗi ta bakin wanda kuka ji. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yayi yanzu suna iya taimaka muku warware Turanci mai sarƙaƙiya, amma sukan ƙago sunan marubuci da maƙalar da babu ita a duniya, su kuma taƙaita abu su bar ainihin raunin da ya kamata ku gani. Ranar kare kundi ku za a tambaya.

Ke kuma 'yata, da ke karatu tsakanin girki da goyo, kada ki jira ranar da za ki sami yini guda sukutum, ba za ta zo ba. Bin farko na shiga cikin minti goman da tukunya ke kan wuta. Ki tara na bi na biyu zuwa ranar da za a kama miki yara, kuma ki nemi a kama miki, ba abin kunya ba ne. Ku da kuke unguwa ɗaya, ko fannoninku sun bambanta, ku haɗu ku uku ko huɗu duk mako, kowa ya bayyana wa sauran maƙala ɗaya da Hausa cikin minti biyar. Wanda ya kasa mayar da ita Hausa yadda ɗan'uwansa zai gane, sai ya koma mata, akwai abin da ya rage.

In kun tarar da maƙalar da aka kulle sai an biya, ku fara tambayar ma'aikacin ɗakin karatun jami'arku, domin jami'o'i da dama suna da damar shiga rumbuna irin su Hinari da AGORA waɗanda aka tanada don ƙasashe masu tasowa, ɗalibai ne ba sa tambaya. In ba a dace ba, adireshin marubucin na nan a shafin farko. Ku aika masa gajeren saƙo mai ladabi, ku faɗi sunan jami'arku da batun da kuke aiki a kai, ku roƙi kwafi. Da yawansu suna turowa, wasu ma har su haɗo da wasu ayyukan nasu da ba ku san da su ba.