MIKI YA WARKE, CIWO BAI TAFI BA



Akwai wani matashi da ke zuwa karatunmu na bayan Magariba. Shekara 2 da suka wuce ya faɗi a babur, ƙashin ƙaurinsa ya karye, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Ƙashi ya haɗe, ɗinki ya warke, amma har yau a kan kujera yake salla. Kwanaki sai na daina ganinsa. Da na bi shi gida sai ya ce min: "Malam, wallahi na gaji. A masallaci ana cewa raki ne, a gida ana cewa jifa ne. Ni kuwa ko wando ya goge wurin, ji nake kamar an ɗora min garwashi." Daga ƙarshe ya gaya min ya fara sayen tiramadol a boye don ya samu barci.

Wannan ya sa na zauna da wani likita, ga abin da na fahimta.

Allah Ya shimfiɗa wasu jijiyoyi a jikinmu, ba na jini ba, aikinsu kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa: nan zafi, nan sanyi, nan taɓi. Idan haɗari ko wuƙar tiyata ta yanke ɗaya, ko tabo ya matse ta, takan ci gaba da aika saƙon zafi bayan miki ya rufe. Mai shi ya ji ƙuna, ko sukar allura, ko fizga kamar ta lantarki, ko wurin ya zama kamar ba jikinsa ba. Idan ciwo ya haura wata 3, likitoci suna lissafa shi cikin ciwo mai daɗewa. Yana faruwa bayan karaya, aikin haihuwa, aikin gwaiwa da cire mama. Kai, har wanda aka yanke wa ƙafa yakan ji zogi a ƙafar da babu ita. Hoton ƙashi kuma ba ya nuna jijiya, shi ya sa za a ce "komai lafiya" alhali bawan Allah bai runtsa ba.

To, me addini ya koya mana?

Na farko, faɗin ciwo ba rashin haƙuri ba ne. Nana A'isha (RA) ta koka da ciwon kai a gaban Manzon Allah (SAW), bai tsawatar mata ba, sai ma ya gaya mata nasa. Usman bin Abil As (RA) ya kai ƙarar wani ciwo da yake ji a jikinsa tun da ya musulunta. Annabi bai ce ƙarya yake ba, ya koya masa ya ɗora hannu a wurin, ya yi Bismillah sau 3, ya nemi tsarin Allah daga sharrin abin sau 7. Abin da aka hana shi ne fushi da ƙaddara, ba bayani ba.

Na biyu, rangwame haƙƙinsa ne. Imrana bin Husaini (RA) yana fama da basir, Annabi ya ce ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Mara lafiya shi ya san abin da yake ji. Kai da ka hango shi a kujera ka taɓe baki, da me ka auna? Ka ji tsoron Allah, zato zunubi ne fa, kuma kana iya zama sanadin raba Musulmi da jam'i.

Na uku, a nemi magani inda ya dace. Mu yi addu'a, mu yi ruƙya ta shari'a, amma kada mu maida kowane ciwo aljani ko sammu, har mu zargi kishiya ko maƙwabci ba hujja. Farasitamol da irinsa ba kasafai suke kashe wannan ciwon ba. Akwai magungunan da ke kwantar da jijiyar kanta, kamar amitriptyline da gabapentin, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, likita ne ke rubutawa, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Akwai kuma sashen gashi da motsa gaɓoɓi. Amma sayen tiramadol a kemis ba takarda, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ɗan uwana mai wannan ciwo, ban yi maka alkawarin zai tafi gobe ba. Wani yakan warke, wani sauƙi yake samu ya ci gaba da rayuwa. Abin da na tabbata shi ne, Annabi ya yi bushara cewa ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita, balle daren da ka kwana kana juyi.

Shi wancan matashi ya koma asibiti ya faɗi gaskiyar abin da yake sha. Jiya na gan shi a ƙarshen sahu da kujerarsa. Don Allah in kun gan shi, ku matsa masa wuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ya zama kaffara. Wallahu a'alam.