Darasin lafiya: bayan maganin ciwon daji

Jama'a, ana warkewa daga ciwon daji in an gano shi da wuri. A shekarar 2021 aka fara gashin daji da na'ura a Yamai. Amma daga Damagaram tafiyar ta kusan kilomita 900 ce.

In mutum ya gama magani ya komo gida, ma'aikacin jinya na likitar garinsu ne mai lura da shi. Shi ke wanke mikin tiyata, ya auna nauyi, ya duba ko ƙullutu ya sake fitowa. In ya ga alama, sai ya tura shi babban asibitin Damagaram.

Ku adana takardun magani. Ku riƙe ranar komawa awo. Ba a ɗaukar ciwon daji. Ku ci abinci tare da mai shi.