Darasi na 9: Jirgin Ƙasa na Cikin Gari da Sake Tsarin Motocin Haya

9.1 Gabatarwa

Wannan darasi yana cikin jerin darussan da suka shafi rayuwar Hausawa ta zamani da kalmomin da take haifarwa. Za a duba abin da ke faruwa ga motocin haya da sauran ababen hawa idan aka shimfiɗa wa gari layin dogo, da dalilin da ya sa tilas a sake musu tsari. Ɗalibi na iya cewa ina ruwan mai shirin koyarwa a Birnin Kebbi ko Argungu da wannan batu, alhali babu layin dogo ko taku ɗaya a jihar Kebbi. Amsa ita ce, jirgin da bai zo Kabi ba ya taɓa sauya wa mutanen Kabi hanyar fatauci. Bayan haka, malamin Hausa shi ake fara tambaya sunan sabon abu idan ya shigo gari, a aji ko a gidan rediyo, don haka ya kamata ya san abin kafin ya raɗa masa suna.

9.2 Gulbi da ƙoramu

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar batun ita ce a dubi gulbin da ya ratsa ta Argungu da Birnin Kebbi. Ruwan da ke malala fadamar nan ba a wuri ɗaya ya taru ba. Gulbin Rima da na Sakkwato sun haɗu kusa da birnin Sakkwato, can ƙasa kuma Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suka zuba a ciki kafin ya faɗa Kwara, kowannensu kuma yana da ƙoramun da ke ciyar da shi. Haka jirgin ƙasa yake a cikin gari. Yana kwasar mutane da yawa a lokaci ɗaya, cunkoso ba ya tsayar da shi, amma ba ya barin dogonsa ya shiga lungu. Idan babu bas ko babur mai ƙafa uku da zai kawo masa fasinja daga unguwanni, ya kuma kwashe waɗanda suka sauka, sai ya yi ta kai da komo da taragu fayau.

Sake tsarin ya ƙunshi abubuwa da dama, amma ginshiƙinsa shi ne a daina barin motoci suna tsere da jirgi a kan hanya ɗaya. A gajarta tafiyarsu, a juyar da kansu zuwa tashoshin jirgin. Ga misali na lissafi. A ɗauka motoci 4 ne ke bin wata hanya daga bayan gari zuwa kasuwa, zuwa da dawowa yana cin minti 80. Ke nan mai jira zai ga mota ɗaya a kowane minti 20. Idan aka tsayar da su a tashar jirgi da ke rabin hanya, zagayen ya koma minti 40, mota ta riƙa zuwa kowane minti 10, ba tare da an sayi ko ɗaya sabuwa ba. Ribar tsarin ke nan. Amma yana da nasa nauyi, kuma fasinja ne ke ɗaukarsa: wanda a da yake zama sau ɗaya har inda za shi, yanzu sai ya sauka ya sake hawa. Tsohuwa mai ƙwaryar fura ko mai buhun shinkafa ba za su ga wannan a matsayin ci gaba ba, sai fa idan tazarar da ke tsakanin inda mota ta ajiye su da ƙofar jirgi gajera ce, jiran bai yi tsawo ba, kuma ba a karɓi kuɗi sau biyu ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi mantawa da shi, shi ne kuma talaka ya fi dubawa.

9.3 Abin da tarihi ya nuna

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Kafin wannan lokaci fatake ne ke riƙe da safarar nesa, da jakuna da takarkarai da raƙuma, ƙarƙashin jagorancin madugu, suna yada zango a garuruwan da ke kan hanya. Ɗaya daga cikin hanyoyin fataucin goro zuwa Gwanja ta biyo ta ƙasar Kabi ne, kasuwar Jega kuma ta yi suna a ƙarni na 19 saboda irin wannan zirga-zirga. Da jirgi ya zo, sai goro ya koma biyowa ta Ikko a cikin tarago, ayarin yamma ya yi ta raguwa. Babu wanda ya kafa dokar hana fatake tafiya. Hanya mai sauƙi ce ta buɗe a wani wuri, ciniki ya bi ta.

Abin lura shi ne jaki da raƙumi ba su ɓace ba a lokacin, aiki suka sauya. Da reshen dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929, dabbobin da a da suke tafiyar watanni sai suka koma kai gyaɗa da auduga da fatu zuwa tashar jirgi mafi kusa, daga baya manyan motoci suka karɓe su. Wato sun zama ƙoramu, jirgi ya zama gulbi. Gusau da Funtuwa sun bunƙasa a dalilin haka, yayin da Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi suka dogara da titin mota, har yau kuwa dogo bai isa ko ɗaya daga cikinsu ba.

9.4 Darasin Abuja

Misali mafi kusa na jirgin cikin gari shi ne na Abuja, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da shi a watan Yuli na 2018. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina shi, tsawonsa kimanin kilomita 45, da tashoshi 12. Layi ɗaya ya tashi daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ɗayan kuma ya tashi daga Idu zuwa Gbazango a yankin Kubwa. A Idu ne ya haɗu da jirgin Abuja zuwa Kaduna wanda aka buɗe a 2016. A kan takarda tsarin ba shi da aibu.

A aikace kuwa, tashoshi uku kaɗai aka fara amfani da su. Da yawa daga cikin sauran suna nesa da gidajen mutane, wasu ma babu titin kirki da ya kai gare su, balle motar haya da ke jiran fasinja a bakin ƙofa. Ma'aikatan da ke kwana a Nyanya da Mararaba da Karu, waɗanda su ne suka fi shan wahalar cunkoso kowace safiya, layin bai bi ta wajensu ba sam. An dakatar da jirgin a 2020 lokacin annobar korona, ya zauna shekara huɗu ba ya aiki. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi ranar 29 ga Mayu, 2024, sai da aka gina titunan da ke kaiwa tashoshin, aka kuma bar mutane suna hawa kyauta na wani lokaci don su saba. Aikin da ya kamata a yi tare da shimfiɗa dogo sai bayan shekara shida aka yi shi, kuma titi kaɗai ba ya kai mutum tasha idan ba shi da abin hawa.

Legas ta ɗan bi wata hanya dabam. Hukuma ɗaya ce, wato LAMATA, ke kula da manyan motocin bas masu keɓaɓɓen titi da aka fara a 2008 da kuma jirgin da ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 a watan Satumba na 2023, kuma kati ɗaya mai suna Cowry ake biya da shi a duka biyun. Wannan bai kawar da cunkoson Legas ba, amma ya nuna amfanin a ce mai tsara hanyar mota da mai tsara lokacin jirgi a ofis ɗaya suke zaune.

9.5 Idan aka dawo gida

Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta, 1991, tun daga nan kuma take faɗaɗa. Mafi yawan zirga-zirgar cikin gari a kan babur da keke mai ƙafa uku ake yin ta. Gari mai wannan girma bai kai ga buƙatar jirgin cikin gari ba tukuna, kuma duk wanda ya ce a fara da shi ya ɗauko abin da ya fi ƙarfin aljihun jiha. Amma ka'idar gulbi da ƙoramu ba sai da dogo take aiki ba. Akwai doguwar hanya ɗaya da ta tashi daga Kalgo, inda Jami'ar Tarayya take, ta ratsa Birnin Kebbi, ta wuce filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello kusa da Ambursa, ta isa Argungu mai nisan sama da kilomita 50, inda Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da masana'antar shinkafa ta WACOT suke. Da za a sa wa wannan hanya manyan motocin bas masu tashi a kan lokaci, ba sai sun cika ba, sai babura da kekuna su zama masu kawo fasinja daga Gesse da Badariya da Bayan Kara da Gwadangaji zuwa matsayai sanannu. Bukin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, yakan nuna a cikin 'yan kwanaki irin nauyin da hanyar za ta iya fuskanta idan jama'a suka yi yawa.

Akwai wani ɓangare da masu zane a takarda kan tsallake. Duk wani sabon tsari yana taɓa abincin wani: direba da yaron mota da ɗan kamasho da mai sayar da abinci a tasha. Lokacin da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairu na 2013, mutane ba su daina fita ba, sai A Daidaita Sahu ta cika gurbin, da yawa daga cikin masu baburan kuma suka koma tuƙa ta. Tsarin da bai tanadi wurin da waɗannan mutane za su koma ba, a tasha zai gamu da cikas tun ranar farko. Garuruwan da layin Kano zuwa Maraɗi zai ratsa, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, kamar Katsina da Jibiya, su ma wannan tambaya tana jiransu.

9.6 Kalmomin fannin

Nan ne aikin malamin Hausa ya fi fitowa fili. Kalmar jirgi asalinta abin hawa ne na ruwa, irin wanda Sarkawa ke tuƙawa a Matan Fada. Da sababbin abubuwa suka zo, sai harshe ya faɗaɗa ma'anarta ta hanyar harɗantawa: jirgin ƙasa, jirgin sama, har ya zama dole a ce jirgin ruwa don a bambanta na asalin. Wasu kalmomin kuwa aro ne daga Ingilishi aka daidaita su da tsarin sautin Hausa, kamar tasha da direba da fasinja da tikiti da lodi da kamasho da reluwe. A lura da yadda aka raba baƙaƙe masu cunkushewa da wasali, aka kuma rufe kalma da wasali, kamar a direba da tikiti. Hayis sunan samfurin mota ne ya zama sunan kowace ƙaramar bas. Zango kuwa tsohuwar kalma ce da ta rayu, har ta shiga makaranta ta zama sunan kashin shekarar karatu.

Bambancin karin harshe ma yana nan. Abin da Bakano ke kira acaɓa, shi ne mutumin Sakkwato da Kabi da Maraɗi ke kira kabu-kabu. Bai dace malami ya soke wa yaro ɗaya daga cikinsu a matsayin kuskure ba. Abin da ya kamata shi ne ya nuna masa inda kowace ke aiki.

Sunan irin jirgin da ake magana a kansa a wannan darasi bai zauna ba tukuna. Sunansa na Ingilishi yana ɗauke da ma'anar rashin nauyi, sai wasu masu fassarar labarai suka ce jirgin ƙasa mara nauyi. Wannan fassara ba ta gaya wa Bahaushe komai, don ba ɗaga jirgin zai yi ba. Abin da ya bambanta shi da jirgin Kaduna shi ne taragunsa kaɗan ne, tashoshinsa kusa da juna suke, kuma ba ya barin gari da kewayensa. Saboda haka jirgin ƙasa na cikin gari ya fi dacewa, ko ƙaramin jirgin ƙasa inda ake son taƙaitawa. Wurin da fasinja ke sauka daga mota ya hau jirgi kuwa ba ya buƙatar ƙirƙira, domin kalmar mahaɗa tana nan tun da.

9.7 Aiki

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya ziyarci tashar mota ɗaya a Birnin Kebbi ko Argungu, bayan neman izinin shugabannin tashar, ya tattaro kalmomi 20 da ma'aikatan wurin ke amfani da su, ya rarraba su zuwa na asali da na aro da harɗaɗɗu, tare da ma'anar kowace kamar yadda masu ita suka bayar. Sannan kowane ɗalibi ya zana taswirar hanyar da yake bi daga gida zuwa kwaleji, ya nuna inda yake sauya abin hawa da abin da yake biya, ya rubuta shafi ɗaya a kan wurin da ya fi dacewa a yi mahaɗa da dalilansa.