Rage Ƙiba: Malmala da Tafiyar Ƙasa

Saurayin da ke noman Golmo a ƙasar Zuru yakan ci tuwon dawa ya ƙoshi ba tare da teɓa ba, domin fartanya tana ƙone abin da ya ci. Matsala takan faro ran da ya sami kujerar ofis a Rikoto, ya ajiye fartanya, malmala kuwa tana nan yadda take.

Kilo guda na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700, alhali tafiyar sa'a guda da ƙyar take ƙone 300. Horon yunwa kuma yakan cinye tsoka tare da kitse. Don haka sai a haɗa biyun: a rage malmala da mai, a ƙara ganye da wake, a kuma yi tafiyar sauri ta aƙalla minti 150 a mako, gwargwadon shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya.